An Rufe Jami'a, Ban Da Tukunya

Ƙarfe huɗu da rabi waya ta yi kuka a gefen filo,
saƙo daga ofishin shugaban jami'a:
babu lacca, babu jarrabawa, kowa ya zauna gida,
hanyoyin Ozark duk sun zama ƙanƙara.

Na karanta, na yi dariya ni kaɗai,
don can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, akwai saura:
"ban da ma'aikatan dole."
Shekara goma sha tara ina riƙe da ludayi,
sai ran da sama ta daskare ake tuna Loretta
a jerin sunayen da aka tsara.

Ba dusar nan ba ce mai laushi ta hoton kalanda.
Ruwa ne ya sauko da dare kamar kowane ruwa,
yana taɓa abu ya sandare.
Ƙofar motata ta manne, ta ƙi jin lallashi,
na bar ta nan, wata rana a gyara.

Na zura tsohuwar safar mijina a kan takalmi,
dabarar da na gada wajen kakata,
na sauko gangaren unguwa kamar mai koyon tafiya,
hannu ɗaya a shinge, ɗaya a iska.
Reshe ya karye a bayana, kas! kamar bindiga,
wani ya amsa daga tsallaken titi,
itatuwan gari duka suna ƙara.

A bakin ƙofa na tarar da Dewayne Tackett
yana watsa gishiri da shebur, numfashi ya daskare a gemunsa.
Ya ce, "Buhu arba'in tun tsakar dare,
ƙasar nan ta fi miyarki cin gishiri."
Na ce ya zo ya sha kofi in ya gama.
Ya ce, "Gamawa? Ai yanzu na fara."

Azuzuwa duhu, lissafin jiya na jiran mai shi a allo.
Amma mutum ɗari shida na kwance a ɗakunan kwana,
ciki kuwa bai san an rufe makaranta ba.
Mu uku muka iso cikin goma sha biyu,
mu za mu ciyar da waɗannan manyan yara.

Ƙarfe tara wuta ta ɗauke.
Muka koma murhun gas, fitilar waya a aljihun riga,
wake, burodin masara, ƙwai har ya ƙare.
Suka shigo layi-layi, bargo a kafaɗa.
Marisol, 'yar Laredo, da ba ta taɓa ganin irin wannan ba,
ta ɗauki wuƙa ba wanda ya sa ta,
ta yanka albasa kwando guda, tana hawaye tana dariya,
ta ce in da saura a ƙara.

Da tsakar rana sai ga Farfesa Lindqvist,
tabarau a karkace, gwiwar wando a yage.
Kifayen bincikensa na shekara shida sanyi zai kashe,
ruwan zafi yake roƙo a jarka.
Mutumin da bai taɓa gaishe ni ba,
yau ga shi, hula a hannu, yana jira.

Da yamma tire talatin suka yi ƙafa.
Na leƙa taga, ga su can a gangaren laburare,
ana zama a kai, ana sulalowa, ana ihu.
Na buɗe baki zan yi faɗa, na rufe,
ni ma na yi, a wani sanyin da ya girmi na bara.

Kwana uku benci ne gadona, kusa da murhu.
Ran Alhamis rufi ya soma ɗiga, ɗis, ɗis,
waya ta sake kuka: an buɗe, ana gode wa kowa da haƙuri.
Ba suna. Ba komai.
Tire ashirin da takwas suka dawo, ɗaya a tsage.
Dewayne na barci a zaune, kofi ya huce a gabansa.
Na janye kofin a hankali, na kunna wuta,
tukunyar safe na ɗora.