Kujera ta Uku

Hawa huɗu ne zuwa ɗakinta a Brno, babu lif.
Nakan goya celo kamar ƙanen da ya ƙi tafiya,
in iske Malama Bohumila a bakin taga
tana goga wa baka ƙaro, shayi na hucewa.

Shekarata goma sha ɗaya.
Wata shida ba ta bar ni na taɓa waƙa ba:
tsirkiya ɗaya, jan baka ɗaya, daga gindi har tsini.
"Sake."
Na sake.
"Kana danne ta, Radim. Wa ke magana an shaƙe shi?
Saki kafaɗa, bar nauyin hannu ya sauko da kansa."
Na saki, sai katakon ya yi gurnani a ƙirjina.
Na zabura. Ta yi dariya har da tari.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ƙungiyar makaɗan gari,
kujera ta uku, hannun hagu,
inda hasken fitila ba ya kaiwa sosai.
Ba a taɓa buga sunanta da manyan baƙaƙe ba.
In za su Vienna, tikiti biyu take yanka,
ta ba celo wajen taga, ita ta zauna a hanya.
Na ce, "Ba ki so ki zama ta gaba ba?"
Ta ce, "Na so. Sau biyu na gwada, sau biyu na faɗi.
Amma daga nan nake jin numfashin kowa.
Ƙidaya shirunka, yaro. Shi ma kiɗa ne,
kuma shi aka fi ɓatawa."

Sanyin ƙashi ya fara da ɗan yatsan zobe,
ya lanƙwasa shi kamar ƙugiya.
Wani hunturu ta sayar da celon
aka gyara rufin da ke yoyo.
Daga nan da baki take koyarwa,
tana rera ƙasa-ƙasa, tana buga ƙafa,
hannunta na yawo a kan tsirkiyar da babu.

Abin da ta bar mini bai cika jaka ba:
guntun ƙaro da ya rame a tsakiya,
da takardun kiɗa cike da fensir,
"numfasa" a nan, "kada ka yi gaggawa" a can,
a wani shafin kuma kuɗin dankali da albasa.

Yau Talata. Dusar ƙanƙara ta tsai da motoci.
Wata yarinya, Jarmila, ta iso a jiƙe,
ta zauna, ta cije leɓe, ta danne tsirkiya
har ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Na buɗe baki,
sai na ji muryar da ta fito ba tawa ba ce.
"Sake."