Lambar da ta Tsayar da Ni a Kwalkwalawa

Laraba, rana ta take tsaka,
na taso Dundaye da guntun alli a aljihu.
Kan gadar Kwalkwalawa na dubi agogon babur:
biyu, bakwai, bakwai, biyu, sifiri.
Na taka birki. Mai jaki ya zage ni,
ban ko waiwaye shi ba.

Dubu ashirin da bakwai
da ɗari bakwai da ashirin!
Baƙuwar da na sani a takarda,
ban taɓa zaton mu haɗu a hanya ba.

Arzika mai rake ya ce,
"Malam, mi af faru? Mai ya ƙare?"
Na ce matso ka ga mai kyauta.
Cika ce, ba mara ba.
Biyu su zo, ta rabu. Uku su zo, ta rabu.
Tana da rubu'i, tana da humusi,
sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushuri,
sha ɗaya ma, mai wuyar sha'ani,
ya ɗauki dubu biyu da ɗari biyar da ashirin,
sha biyu ya bi sahu,
ba a bar ko ƙwaya a faifai ba.
Duk ƙannenta, kaf,
babu mai iya wannan.

Na durƙusa na feɗe ta a kan kwalta.
Ga ƙasusuwan: biyu sau uku a jere,
uku da ɗan'uwansa uku,
biyar, bakwai, sha ɗaya.
Su ne masu taurin kai,
wuƙa ba ta shiga tsakaninsu.
Daga gagara-rabo aka gina mai rabo,
abin da ban gama mamakinsa ba.

Ƙofofinta casa'in da shida.
Tara masu raba ta, ban da ita kanta,
ka sami dubu tamanin da huɗu da ɗari shida:
ta ba da ninkinta uku har da gyara,
kamar fadamar Rima bayan ruwa ya janye.

Arzika ya tofar da ɓawo.
"In magada sha ukku na fa?"
Na yi shiru. Na buga. Huɗu suka yi saura,
tsaye kamar awakin da ba a san mai su ba.
Ya yi dariya har da tafi:
"Ashe ita ma tana da wanda taka hanawa."

Na hau, na tafi a hankali,
ina lallaɓa ta kamar ƙwai a cokali.
Kafin in kai shataletale
sifiri ya mirgina, ɗaya ya hau.
Maƙwabciyarta marowaciya ce,
ƙofa huɗu kacal,
sha tara ne farkon baƙon da take buɗe wa.

Allin yana can a kan gada.
Motar albasa ta bi ta kansa,
ban koma na duba ba.