Zanen Yatsa

Daren Talata ƙasa ta yi juyi cikin barcinta,
juyi ɗaya, irin wanda mu mutanen Valparaíso
ba ma barin gado dominsa.
Kofuna suka gaisa a kan kanta, suka yi shiru.
Da safe na tarar da saƙon da ta bari:
tsaga guda a tagar ɗakin girki,
ta taso daga kusurwar hagu
tana karkacewa, kamar layinmu in zai gangara teku.

Kwana tara ina yaudarar ta da tef.
Iskar Yuli ba ta san tef ba.
Ta shigo ta kwantar da wutar risho,
ta lashi wuyan Baba inda yake zaune, bargo a gwiwa.

"Nélida," ya ce, "ɗauko akwatin."

Eulogio mai gilashi, haka tudun nan ya san shi.
Shekara arba'in yana hawa matakala ɗari biyu da sittin
da fallen gilashi goye a baya,
gajimare na tafiya a gadon bayansa.
Yau ko cokali gardama yake yi masa.
Hannun da bai taɓa kauce wa layi ba
ya koyi rawa a wurin ƙasar da ya taka.

To, shi ne baki, ni ce hannu.

"Safar hannu tukuna. Shimfiɗa jarida.
Kada ki fizga, lallaɓa shi.
Fasasshen gilashi mai fushi ne, ta gefe ake zuwar masa."

Na ɓamɓare tsohon fotin da bakin wuƙa,
ya bushe ƙayau kamar ƙashi.
Ƙananan ƙusoshi takwas, duk tsatsa ta cinye,
na tara su a murfin kwalba.
Can ƙasan katakon, inda fenti bai kai ba,
sai ga zanen babban yatsa,
ɗan siriri, bai kai nasa ba.
Na miƙa masa ɓallin a tafin hannu.
Ya daɗe yana kallo.
"Mahaifiyarki ce ta riƙe mini ran nan.
Tana da cikinki. Ta ce ita ma sai ta sa hannu."
Wani jirgi ya yi kuka a tasha.
Na zura ɓallin a aljihun rigata.

"Auna. Sake aunawa.
Rage kaurin tsinken ashana ta kowane gefe.
Katako na kumbura in ruwa ya sauka, gida na motsi,
wanda aka matse shi ke fara fashewa."

Ya ba ni alƙalaminsa mai bakin lu'ulu'u.
Ɗigon kananzir, rula, numfashi ɗaya.
"Ja sau ɗaya tak. Ba a maimaita wa gilashi magana."
Na ja, hannuna ya yi shakka a tsakiya,
fallen ya karye inda ya ga dama.
Baba ya yi dariya har da tari,
rabona da jin ta tun kafin Ista.
"Wannan kuɗin makaranta ne. Ɗauko ɗayan."

Na biyun ya yi ƙiii, siririyar ƙara,
na ɗora shi a gefen tebur, na danna.
Ƙas.
Miƙaƙƙe, kamar an yi masa alkawari.

Na murza sabon foti har ya yi ɗumi a tafina.
Warin alli da mai ya tashi,
warin rigunansa ne lokacin da tsayina bai wuce aljihunsa ba.
Na kwantar da gilashin, na buga ƙusoshi a hankali,
na shafe gefen da wuƙa a karkace.
Bai yi kyau irin nasa ba. Ya ce zai riƙe.

Sannan ya miƙe, ba tare da na taimaka ba,
ya dangwala yatsansa a kusurwar ƙasa.
Rawar hannun ta sa zanen ya fito biyu.
Na sa nawa a gefe.

"Sati biyu kafin fenti. Kada ki wanke shi yau."

Ban wanke ba.
Ta cikin dabbaren yatsunmu muke kallon tashar jiragen ruwa,
fitilu na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya.
Na ɗora buta.
Wutar rishon ta tsaya cak, ba ta rusuna wa kowa ba.