Jirgin da Ya Juya

Kwana shida muna kan ruwa daga Ras Laffan,
cikin jirgi maƙil da gas da aka mai da ruwa,
sanyinsa ya kere na ƙanƙara,
bututu na raɓa kamar randa sabuwa.

Ni ne Mofizul, mai ɗura wa injin mai,
ɗan Mirpur, bayan kasuwar kifi.
Na ce wa Shefali a waya: "Yaya, saura kaɗan mu iso Moheshkhali,
wutar murhunki ce nake kawowa."

Ta yi dariya.
Ta ce ƙarfe uku na dare take tashi,
lokacin ne bututu ke tunawa da unguwarsu.
Harshen wuta shuɗi, bai kai farce ba,
ta ɗora shinkafa, ta tsuguna tana lallashi,
kafin kiran salla ya mutu, tukunya na tsakiyar dahuwa.

Daren nan saƙo ya shigo wa kyaftin.
Layi biyu.
Wani a can saman bene, da bai san warin teku ba,
ya taya, wani ya ƙara,
wai sanyi ya kama Turai da wuri.
Kyaftin Stavros bai ce uffan ba.
Ina ƙasa da tsumma a hannu
na ji ƙarfe a tafin ƙafata yana karkatawa.

Muka ba gabas baya. Rotterdam.

Renato mai girki ya ce sau uku aka sayar da mu tun Laraba,
ba a sauke ko cokali ba.
Ya ce nan da shekara biyar gas zai yi kwantai,
Amurka na gini, Katar na gini,
sai an roƙi mai saye.
Injiniya ya ce ina! Harbi ɗaya a mashigi ya isa.
Suka yi ta musu har shayi ya huce,
kamar 'yan duba biyu kan faifai ɗaya,
suna zana gobe suna sharewa.

Ni ban san gobe ba.
Na san kullum kaɗan daga kayan na tashi tururi,
injin na lashewa mu ƙara gaba.
Da wutarta muke yi mata nisa.

Ban kira ta ba tukuna.
Me zan ce?
Ƙanenta na kwance kan wutar gari guda,
ita tana hura kwali a murhun laka,
hayaƙi na cin idon 'yarta.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.