Takardar da Ta Dawo Gida

A Jiri, kafin rana ta leƙo ta bayan dutse,
ni Sukmaya na riga na jiƙa hannu har gwiwa.
Ɓawon lokta da Furba ya sauko da shi daga tsauni,
a kwandon da igiyarsa ta yi masa kanta a goshi,
na dafa shi da toka, na daka har ya zama kunu,
na zuba kan raga, na girgiza,
na jingina wa rana ta ƙarasa aikin.

Shekara goma sha ɗaya muna sayar wa baƙi masu hawan dutse
littattafan da ba za su taɓa rubuta komai a ciki ba.

Sai bara, Hemanta Basnet ya hauro da babur daga Carikot,
taɓo har ƙwauri, jaka a ƙirji,
ya ce ofishin gunduma ya gaji da jiran kwalaye
masu tsallako iyaka da sunan wasu a jikinsu.
"An ce a fara duba na gida.
Falle dubu huɗu, ambulan ɗari shida,
za ki iya?"
Na ce kafin a haife ka nake iyawa.

Ya miƙo fom mai shafi tara.
Ni da ban san baƙi ba, ban san wasali ba,
sai na cike takarda kafin in sayar da takarda!
Ɗiyata Yangji ta rubuta, ni na dangwala yatsa.
Lambar haraji, shaidar banki, hatimi.
Sau uku na sauka gari,
sau uku mai hatimin ya fita shan shayi.

Ruwa ya yi mana sammako a wannan shekara.
Muka kwashe raga zuwa ɗaki, muka hura wuta,
idanu na hawaye, kaji na tari.
Cikin wannan hayaniya furen da ke kan jikata
ya zubar da kunne ɗaya, ruwan ɗorawa, cikin kunun.
Na gan shi. Ban cire ba.
Hannuna ya gaji.

Muka ɗaure kaya, mota ta tafi.
Daga nan sai jira.
Kuɗin gwamnati alfadari ne a bakin gadar igiya:
ba ya ja da baya, ba ya takowa,
kana kira yana kallon kogi.
Furba ya daina gaishe ni da murya,
sai da ido, kuma idon mai bin bashi ba ya ƙiftawa.

Wata na biyar, wasiƙa ta iso.
Yangji ta karanta: ana kan duba buƙatarki,
a ƙara haƙuri.
Na karɓa don in jefa a murhu,
sai yatsuna suka tsaya.
Wannan kaushin na san shi.
Na kai hanci: hayaƙin ɗakina.
Na ɗaga wa hasken taga,
ga kunnen furen nan a kusurwa, ƙarƙashin jan hatimi,
ya je birni ya dawo da muƙami.

Na yi dariya har Yangji ta tsorata.
Da takardata suke ba ni haƙuri!
To ai ko haƙurin ma na gida ne.

Kuɗin ya zo bayan Dasain, an gutsure haraji.
Na biya Furba, ya dawo da muryarsa.
Na sayi tukunya, tsohuwar ta huje.
Wasiƙar tana nan a soke jikin azara.

Jiya maƙwabcina ya dawo da shaidar gonarsa,
yana tafe yana rungume da ita kamar jariri.
Ya ce in taɓa, amma a hankali.
Na taɓa.
Gefen hagu ya ɗan fi kauri:
ranar nan ce kafaɗata take ciwo.