Ragowar Yadi

Ni na rubuta manhajar kantin maganin Zuwaira,
can bayan tashar Tawa, jikin rumfar mai walda.
Da safe tana tsalle kamar ɗan akuya.
La'asar na yi sai ta fara ɗingishi,
kafin magariba ta durƙushe,
ta rubuto mana kalma biyu: babu wuri.

Babu wuri?
Na zauna na ƙirga ƙwaƙwalwar na'urar nan,
rabinta ma ba a taɓa ba.

Zuwaira ba ta da laifi.
Mai tari ya zo, ta buɗe taga.
Mai bashi ya zo, ta buɗe wata.
Ƙaramin akwati ya leƙo: kin tabbata?
Ta danna i, ya ɓace.
Sau ɗari bakwai a yini ɗaya.
Kowace taga da rabon da take yanka,
wannan taƙi, wancan kamu guda,
in an rufe ta ta mayar,
amma tsakanin rami da rami
akwai ɗan abin da ya ƙi tashi:
sunan wani sirop, kwanan watan wani rasit,
zaune daram kamar turke.

Kwana uku ina zargin kaina da yoyo.
Na bi kowane layi da fitila,
duk abin da na ara na biya.

Ran Alhamis wuta ta ɗauke,
na tsallaka shagon Tsalha tela shan inuwa.
Ƙarƙashin kekensa buhu ne cike da ƙyallaye.
Na ce, wannan ai ya kai yadi goma.
Ya ce, ya fi.
Na ce, to ɗinka mini riga.
Ya cire allura daga baki, ya dube ni:
"Goma a warwatse ba goma ba ce, yaro.
Ko hannun riga ba zai fita ba."

Ban jira shayin ba.

Daren nan na daina kashe tagogi.
Na gina guda shida tun farkon tashi,
na ware musu fili ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.
Wadda aka gama da ita
sai in share mata fuska, in saya ta bayan labule,
in an kira ta fito da sabon suna.
Ƙananan akwatuna kuwa, kwano ɗaya na ba su,
su ci, su wanke, su kife.

Yau sati biyu ke nan.
Zuwaira ba ta kira ni ba,
ko godiya, ko ƙara,
a sana'armu wannan shi ne tukuici.

Sai dai jiya da na kwanta
na nemi muryar mahaifiyata a kaina, dukanta,
na tarar da gutsattsari:
tari ɗaya, rabin dariya,
yadda take jan ƙarshen sunana, Illiyaaa.
Na san duk suna nan.
Na ƙirga, sun fi yadi goma.