Giɓi

Talata ce ranarmu a Gölcük,
a shagon shayin Hulusi, bakin tekun Marmara.
Ƙofar shagon ko raƙumi ya shige ta a miƙe,
amma dubi shigowarmu:
kowa ya sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙafa,
kamar har yau ƙofar ƙarfen nan ce mai zagaye.
Jiki ba ya karɓar takardar ritaya.

Bara mu goma sha ɗaya ne. Bana tara.
Nevzat ya zo da sandarsa da tarinsa,
Muzaffer ya zo da labarin makon jiya,
na kukun da ya dafa shinkafa da ruwan batir,
muka yi dariya daidai inda muka saba yi.
Ƙasa-ƙasa muke magana.
Samarin teburin gefe sun ɗauka gulma ce.
Ba su san ruwa na da kunne ba,
cokali ɗaya ya faɗi a zurfi, maƙiyi ya ji daga nesa.

Ni ne mai sauraro a jirginmu.
Shekara goma sha tara kunnena na manne da duhu,
ina rarrabe kukan farfela da surutun kifi.
Yau sai jikata ta faɗa sau uku
kafin in gane abinci ta ce ya sauka.

Daren da jirgi zai tashi, haƙorina ya tashi.
Kunci ya kumbura kamar na ɓoye lemo.
Likita ya ce, kai kam ka zauna.
Aka kira Ertan ya hau kujerata,
yaron kan duwatsu, ɗan ashirin da biyu,
wanda bai taɓa ganin teku ba sai da ya sa kaki.
Ya ari rigar sanyina, shuɗiya, mai faci a gwiwar hannu.
Na ce masa, ka wanke ta kafin ka dawo min da ita.
Iyakar sallamarmu ke nan.
Da safe aka cire haƙorin.
Su kuma, arba'in da ɗaya, ba a ciro ko hula ba.

Mutane suka ce ina da sauran kwana.
Gaskiya ne. Ba wanda ya gaya min nauyin saura.

Sau ɗaya a shekara mukan ɗauki hayar jirgin masunta.
In mun yi nisa, a kashe inji.
Hulusi ya riƙe ƙararrawa, Nevzat ya riƙe takarda,
ko da yake ba ya dubawa.
Suna ɗaya, bugu ɗaya.
Suna ɗaya, bugu ɗaya.
Wasu na jefa furanni.
Gülizar, yayar Ertan, burodi take gutsurawa,
ta ce yaro ne mai ci, me zai yi da fure?
Tsuntsaye su cafe tun bai taɓa ruwa ba,
ta ce ba komai, su ma aike ne.

Matar nan ba ta taɓa ɗaga min murya ba.
Duk sanyi sai ta aiko min da miyar wake a kwano mai murfi.
Da ta zage ni ko sau ɗaya,
da na yi barci.

Ɗana ya ce a dasa min sabon haƙori, shi zai biya.
Na ce a bar wurin.
Makabarta na da duwatsu, kowa ya san inda nasa yake,
ni nan kawai nake da shi,
ramin da harshe ke kai wa ziyara
ba tare da ya nemi izinina ba.

In an kai suna na talatin da bakwai
nakan durƙusa kamar igiyar takalmi ta kwance,
in kafa kurman kunnena a jikin katakon jirgi.
Aikina ne, ba a karɓe ni ba.
Muzaffer ya san abin da nake yi.
Yakan matso ya tare ni da inuwarsa,
sai mun juya gida ya tambaya a hankali,
yaya dai?
In ce, kifi ne kawai.